Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa: Matsalar Maganin Tsofaffi A Talata Mafara Da Bakura Da Maradun

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce da tsohuwar zuma ake magani. Wannan karin magana yana nuna irin darajar da Bahaushe ya bai wa abin da ya kwana biyu a duniya, musamman ma mutum. To, amma akwai tambayar da ba a cika yi ba, watau in ita tsohuwar zumar ce ciwo ya kama, da me za a yi mata magani, kuma wa zai biya?

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba wannan tambaya a ƙananan hukumomi uku na yammacin Jihar Zamfara, watau Talata Mafara da Bakura da Maradun. Ra'ayin da za ta kare shi ne, shirin kiwon lafiya na gwamnati, yadda aka tsara shi, yana iya kai tsoho gaban likita, amma bai cika sa masa magani a hannu ba. Saboda haka ya kamata a keɓe asusu na musamman wanda ba shi da wani aiki sai sayen maganin da aka rubuta wa tsofaffi.

Ba da ka aka zaɓi waɗannan garuruwa ba. Maƙwabtan juna ne, ruwan madatsar Bakalori ya haɗa manomansu, kasuwar Talata ta Mafara ta haɗa masu saye da sayarwarsu. Daɗin daɗawa, kowannensu ya taɓa ba jihar gwamna. Ahmad Sani Yarima na Bakura ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, Bello Matawalle na Maradun kuwa daga 2019 zuwa 2023. Yankin da ya riƙe gidan gwamnati shekara 20 ba zai ce ba shi da bakin da za a ji ba.

Ciwon tsufa da bambancinsa

Kafin a yi maganar kuɗi, wajibi ne a fahimci cewa ciwon tsoho ya bambanta da na yaro. Zazzaɓin cizon sauro baƙo ne, yakan zo ya tafi, maganinsa na kwana 3 ne. Amma hawan jini da ciwon sukari da hawan jinin ido da ciwon gaɓoɓi, in sun sauka a gida ba su sallama. Ba a warkar da su, lallaɓa su ake yi har iyakar rai. Mai hawan jini da aka ɗora a kan ƙwaya ɗaya kullum yana bukatar ƙwaya 365 a shekara, da yawa kuwa iri biyu ko uku ake haɗa musu. Binciken likitoci ya sha nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin uku na manyan Nijeriya yana da hawan jini, kuma abin yana ƙaruwa ne da shekaru.

Mugun halin hawan jini shi ne ba ya ciwo. Tsoho zai sha magani na mako biyu, ya ji garau, kuɗi su ƙare, ya ajiye takardar. Bayan wata uku sai a wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye, ko ƙodarsa ta tsaya. A nan ne za a ɗauki shatar mota zuwa Asibitin Tarayya na Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, a sayar da rago, a jinginar da gona. Abin da iyali za su kashe a mako ɗaya na jinya ya isa ya sayi ƙwayar shekara da shekaru. Wanda kuma gwiwa ta dama, yakan koma wa masu tallar magani a faranti ranar kasuwa, ya yi ta haɗiyar maganin kashe zafi ba ƙa'ida, alhali irin waɗannan ƙwayoyi suna cin ƙoda da tumbi, suna kuma ƙara hawan jinin.

A da, gandu shi ne jinginar tsoho. Uba da 'ya'yansa suna noma gona ɗaya, rumbu ɗaya, in maigida ya gaza a ciyar da shi daga abin da ya kafa. Yau gandu ya watse a gidaje da yawa. Samari sun tafi ci-rani ko haƙar zinariya, ɓarayin daji sun hana noma a gonakin nesa, garuruwa da dama na ƙasar Maradun sun tashi sun bar kufai. Tsohuwar da ya kamata a ce jikoki ne ke yi mata hidima, ita ce ke riƙe da marayu. Waɗanda suka ga an gama madatsar Bakalori a 1978, suka tsira daga harbin da 'yan sanda suka yi wa manoma masu neman diyyar gonakinsu a watan Afrilu na 1980, su ne tsofaffin da ake magana a kansu. Sun riga sun biya ƙasa nasu bashin.

Abin da doka ta tanada

Ba za a ce gwamnati ba ta yi kome ba. An kafa dokar shirin inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, aka fara aiki da ita a 2005, zamanin Obasanjo. Sai dai shirin ya fi amfanar ma'aikacin gwamnati da matarsa da 'ya'yansa 4 waɗanda ba su kai shekara 18 ba, yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Iyayen ma'aikaci ba su cikin wannan lissafi. Shi kansa ma'aikacin, ranar da ya cika shekara 60 ko shekara 35 ta aiki, aka daina yankar albashinsa, sai ya tsinci kansa a waje, watau an karɓe laima daidai lokacin da hadari ya haɗu.

A 2014 aka yi Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta kafa asusun kiwon lafiya a matakin farko, ta ce a riƙa zuba masa abin da bai gaza kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ba. Rabin asusun na biyan kuɗin jinyar marasa ƙarfi ne, kashi 20 cikin 100 na magani da alluran rigakafi da kayan aiki, da nufin a sami asibitin sha-ka-tafi ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar da ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ta kuma ambaci tsofaffi a jerin masu rauni da gwamnati za ta ɗauke wa biya, tare da yara ƙanana da masu juna biyu da naƙasassu da matalauta. Ita ma Jihar Zamfara tana da tata hukumar taimakekeniyar lafiya, wadda aka fi sani da ZAMCHEMA. A rubuce dai, tsohon Bakura yana da gata.

Inda gizo ke saƙar

Matsalar tana cikin yadda ake biyan asibiti. Ana ba asibitin matakin farko ƙayyadadden kuɗi kowane wata a kan kowane mutum da aka rubuta masa, kamar yadda ake lissafin jangali a kan kowane kan saniya, ko mutumin ya zo ko bai zo ba. Daga cikin wannan kuɗi ne asibitin zai duba majinyaci, ya yi ƙananan gwaje-gwaje, ya ba da magani. A shirin tarayya, kuɗin ya tsaya a kan naira 750 tun daga 2012, ba a taɓa shi ba sai a 2024.

A ƙarƙashin irin wannan tsari, saurayin da ba ya zuwa asibiti riba ne, tsohon da ke zuwa kowane wata da cuta biyu kuwa hasara ne. Ba sai ma'aikacin asibiti ya zama mugu ba, lissafi ne kawai bai fita ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a duba dattijo da fara'a, a rubuta masa takarda, a ce wannan maganin ya ƙare, a leƙa kemis a waje. Ga kati a aljihu, ga likita ya gani, ga shi ya kwana ba magani. Wannan shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Sa'an nan kuma tsadar magani ta zo ta ƙara wa Barno dawaki. Yawancin maganin da ake sha a Nijeriya, ko sinadaran haɗa shi, daga waje ake sayo su, musamman Indiya da Sin. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, aka saki darajar naira a watan Yuni, sai farashi ya yi tashin gwauron zabo. A watan Agusta na wannan shekara kamfanin GSK ya ba da sanarwar naɗe tabarmarsa daga Nijeriya, Sanofi ma ya bi sawu kafin shekara ta fita. A 2024 Shugaba Tinubu ya ba da umurnin ɗauke haraji daga kayan haɗa magani, amma tsakanin tashar jiragen ruwa ta Legas da kantin magani na Maradun akwai tafiya mai nisa, kuma kowane zango da nasa mai cin riba. Ba abin mamaki ba ne da alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya suke nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyaci yake fitowa.

Darasi daga wasu ƙasashe

Wannan matsala ba ta Zamfara kaɗai ba ce, ƙasashen da suka fi ta arziki ma sun taka wannan ƙaya. A 1965 Amurka ta kafa shirin Medicare domin waɗanda suka kai shekara 65. Shirin yana biyan kuɗin kwanciya asibiti da ganin likita, amma aka bar maganin da tsoho zai sha a gida. Shekara 40 ana haka, har tsofaffi suka riƙa shiga motar safa suna ƙetarawa Kanada domin sayen magani mai rahusa. Sai a 2003 aka yi dokar da ta ƙara wani sashe na musamman domin magani, ya fara aiki a farkon 2006.

Darasi biyu ke nan. Na farko, ko ƙasa mai arziki ta gane cewa shirin lafiyar tsofaffi ba magani jirgi ne ba matuƙi. Na biyu, hanyar da Amurka ta bi ba abin kwaikwayo ba ce. Ta danƙa aikin ga kamfanonin inshora masu neman riba, tsoho ya biya kuɗin wata, ya kuma zaɓi ɗaya daga tsare-tsare barkatai. Aka kuma bar wani giɓi a tsakiya, inda in kuɗin maganin mutum ya kai wani mizani sai nauyin ya koma kansa. Gyaran wannan kuskure ya ci shekaru. Dokar 2022 ce ta ƙayyade cewa kada allurar insulin ta wuce dala 35 a wata, kuma a 2025 aka sa iyaka ta dala 2,000 a kan abin da tsoho zai biya daga aljihunsa a shekara. In mai boko a Amurka ya ruɗe da waɗannan takardu, ina ga tsohuwar da ke ƙauyen Bakura?

A Ingila, wanda ya kai shekara 60 ba ya biyan kuɗin maganin da likita ya rubuta masa. Gana, wadda ta kafa nata shiri a 2003, ta ɗauke wa masu shekara 70 kuɗin zubi. Jamhuriyar Nijar kuwa ta bar darasi mai ɗaci. A 2006, zamanin Tandja Mamadou, ta shelanta jinya kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, asibiti ya yi aiki gwamnati ta biya daga baya. Biyan ya riƙa makara, bashi ya taru, ɗakunan magani da yawa suka bushe. Ashe shelar kyauta ba ta da wuya, cika kanta da magani shi ne aiki.

Shawara

Abin da ya dace da wannan yanki ya kamata ya tsaya a kan ginshiƙai huɗu.

Na farko, asusun ya zama keɓaɓɓe. Kada a gauraya shi da kuɗin gyaran rufi ko man janareto ko alawus. Kuma abin da zai isa asibiti ya zama magani ne a kwali, ba kuɗi a banki ba. Wannan ba baƙon tsari ba ne, domin haka maganin tarin fuka da na cuta mai karya garkuwar jiki suke zuwa ta hanyarsu daban, majinyaci ya karɓa kyauta.

Na biyu, jerin maganin ya zama gajere. A ɗauki 'yan ƙwayoyin da aka tabbatar da amfaninsu, irin su amlodipine na hawan jini da metformin na sukari da maganin ɗigawa na hawan jinin ido, a saye su da yawa lokaci ɗaya daga masana'anta mai rajistar NAFDAC. Mai sayen buhu ba ya biyan farashin mai sayen tiya. Insulin, da yake tana son sanyi, a ajiye ta a manyan asibitocin garuruwan uku, da duk inda ake da firijin alluran rigakafi.

Na uku, a kai magani kusa. Wanda jininsa ya daidaita a ba shi na wata 3 gaba ɗaya, kada a riƙa ɗora tsoho a kan babur kowane wata a hanyar da ba ta da aminci. Mutanen yankin ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya da kasuwannin mako saboda tsaro. Mai ƙwayar mako ɗaya a irin wannan hali ya shiga uku. A kuma sa ma'aikacin lafiya da na'urar awon jini a bakin kasuwa da harabar masallacin Juma'a.

Na huɗu, kada tsoho ya biya. Masu biya uku ne. Akwai gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi, musamman da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yuli na 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Akwai Hukumar Zakka da Waƙafi, wadda Zamfara ta kafa tun farkon zamanin Yarima. Attajiri zai iya waƙafin shago a Mafara ko fadama a Bakalori, a ce amfaninsu na maganin tsofaffin mazaɓarsa ne. Sa'an nan akwai 'ya'ya. A buɗe musu ƙofar yi wa iyaye zubi sau ɗaya a shekara, da kaka, lokacin da manomi ke da abin hannu, ma'aikaci kuma a ba shi damar rubuta uwa da uba. Alƙur'ani mai girma, a Suratul Isra'i, ya haɗa bauta wa Allah da kyautata wa iyaye, ya kuma ambaci lokacin tsufansu musamman. Ɗan da ke ci-rani a Legas ba zai iya ɗaga mahaifiyarsa ya kwantar ba, amma zai iya biyan zubinta.

Sukar da za a iya yi

Wani zai ce, a jihar da mata ke mutuwa wajen haihuwa, yara ke mutuwa da tamowa, ina hujjar kashe kuɗi a kan wanda ya riga ya ci zamaninsa? Wannan suka tana da nauyi. Amma tsofaffi ba su da yawa, waɗanda suka kai shekara 60 kimanin kashi 5 cikin 100 ne na jama'ar Nijeriya, kuma ƙwayoyin da ake magana suna cikin mafi arha in an saye su a dunƙule. Bugu da ƙari, ranar da kaka ta faɗi, kuɗin abincin jikoki da na makarantarsu ne ke tafiya asibiti. Raba asusun ma kariya ce ga yara, domin ba za a ci nasu a yi wa tsoho ba, ba kuma za a ci na tsoho da sunansu ba.

Wani kuma zai ce za a sace. Tarihi yana bayansa. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince a Bamako da tsarin jarin magani mai juyawa, watau a sayar a sake sarowa, Nijeriya ta karɓe shi zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti. Asusun rarar man fetur na PTF ma ya raba magani a asibitoci a ƙarshen shekarun 1990. A wurare da yawa jarin ya narke. To, amma tsoron ɓera ba ya hana gina rumbu, ɗaga shi ake yi a kan duwatsu. A liƙa takarda a ƙofar kowane asibiti mai nuna kwali nawa ya shigo, tsofaffi nawa suka karɓa. A sa dagaci da liman da wakiliyar mata su shaida sauke kaya. Kowace ƙwaya a buga mata hatimin cewa ba ta sayarwa ba ce.

Akwai kuma mai cewa yawancin tsofaffin karkara ba su da takardar haihuwa. Bahaushe ya daɗe yana lissafin shekaru da abubuwan da suka faru. Wanda ya yi wayo lokacin da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo a 1973, ko wanda rikicin Bakalori ya same shi da aure, ba ya bukatar wata shaida, mai unguwarsa ya san shi. Shekara 60 ita ta fi dacewa ta zama mizani. In aka kai shi 70, an yi shiri ne domin mutanen da yawancinsu ba za su jira shi ba.

Game da masu ƙyamar kalmar inshora saboda shubuhar caca da riba, amsar tana cikin harshen kansa. Abin da ake nufi a nan babu mai cin riba a cikinsa. Bahaushe ya san gayya, ya san adashi, ya san gudummawa. Aikin ɗalibai da malaman Hausa ne su samo wa shirin sunan da tsohuwa za ta ji ta gane, su kuma fassara ƙa'idar shan magani da boko da ajami, domin wanda aka ba ƙwaya bai san ta kullum ba ce, da shi da wanda ba a ba ba duk ɗaya ne.

Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa ciwon tsufa na kullum ne, cewa dokokin 2014 da 2022 sun ambaci tsoho amma tsarin biyan asibiti yana mai da shi kaya, kuma mafita ita ce keɓaɓɓen asusun magani wanda gwamnati da waƙafi da 'ya'ya za su riƙe. Ba lalle ne a fara da jihar duka ba. A gwada a mazaɓa ɗaya a kowace ƙaramar hukuma cikin ukun nan, a yi shekara 2, a ƙidaya waɗanda jininsu ya sauka, sa'an nan a yanke hukunci. Shawarar tana gaban 'yan majalisar yankin da shugabannin ƙananan hukumomi da Sarakunan Mafara da Bakura da Maradun. Su kuma matasa masu ganin abin bai shafe su ba, su tuna cewa tsufa riga ce da aka ɗinka wa kowa, sai wanda bai kai ba. Allah ya ba iyaye lafiya, ya sa a gama da su lafiya, amin.